Gidan da Ke Cin Kuɗi Bayan an Gama Shi

A watan Afrilu, da ƙarfe goma na dare, za ka tarar da rabin mutanen sabbin unguwannin Kano da Sakkwato da Maraɗi sun baje tabarmi a tsakar gida. Ɗakunan suna nan, da tayil da fenti da komai, amma ba sa shiguwa. Bulon siminti mai rami ya sha rana tun hantsi, kwanon da ke sama ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ga shi an hana iska hanyar wucewa. Mai gida ya kashe miliyoyi, sannan ya koma sayen fanka da na'urar sanyaya ɗaki da man janareta don ya iya kwana a cikin abin da ya gina.

Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, wannan kuskuren gini ya zama bashin da ake biya duk wata. Maganinsa shi ne abin da masana zanen gine-gine ke kira gini mai tsimin makamashi: gidan da tsarinsa da kayan da aka yi shi da su za su rage zafin tun kafin a kunna komai.

Yawancin zafin ta rufi yake shigowa. Kwano fallen ƙarfe ne, yana ɗaukar rana ya sauke ta kan mutane kai tsaye. Silin mai kyau, da tazara tsakaninsa da kwano, da 'yan kafofin da iska mai zafi za ta fita ta sama, suna canza ɗaki sosai. Launi ma yana da tasiri: kwano fari ko mai haske yana mayar da rana, baƙi da ruwan toka mai duhu da ake yayi yanzu kuwa shanye ta suke yi. Sai fuskar gida. Ranar la'asar ce mafi muni, don haka bangon yamma ba wurin babbar taga ba ne. Wurin baranda ne ko darbejiya. Tagogi biyu masu kallon juna sun fi ƙatuwar taga guda ta gilashi amfani. Dokar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayyar Najeriya ta fitar a 2017 ta yi magana a kan waɗannan abubuwa, har da girman tagogi da kare rufi daga zafi, sai dai da wuya ka ji birkila ko mai gida ya ambace ta.

Batun bango kuwa, a nan ne aka fi yin asara, domin abin da aka watsar ya fi abin da aka runguma dacewa da ƙasar. Bangon tubali mai kauri yana jinkirta zafi: kafin zafin rana ya ratsa shi dare ya yi, iska ta yi sanyi. Shi ya sa zauren Gidan Makama na Kano ke da ni'ima da tsakar rana ba tare da fanka ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, da ƙasa da azara aka ɗaura bakan gizonsa. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27 ita ma ƙasa ce. Siminti kuwa sai an gasa dutsen farar ƙasa da wuta mai zafin digiri kusan 1,450, kuma sarrafa shi kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa.

Ba cewa ake yi kowa ya koma cura tubali da hannu ba. A garin Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar, mai zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa, aka kammala a 2018. Da bulon jar ƙasa aka yi shi, wanda ake matsewa a inji. Yadda ake yin sa abu ne mai sauƙin gani: a tankaɗe jar ƙasa, a zuba siminti kaɗan, a yayyafa ruwa har ta yi damshin da in ka dunƙula ba za ta wargaje ba, a danna a inji, a jera a rufe da leda na 'yan makonni. Ba a gasa shi, ba a sare itace. A Burkina Faso ma, Francis Kéré ya gina makarantar firamaren ƙauyensu Gando a 2001 da irin wannan bulo, ya ɗaga kwano sama da silin don iska ta riƙa ratsawa. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fannin zanen gine-gine.

Amma fa ƙasa tana da sharaɗi, kuma duk daminar da aka yi ruwa mai ƙarfi ana jin labarin gidajen da suka rufta da mutane. Ruwa ne abokin gabarta. Bangon ƙasa yana buƙatar harsashi na dutse ko kankare da ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya, da rufin da ya zarce bango, da indararo mai jefa ruwa nesa. Magabata sun san haka, shi ya sa suke yaɓe da makuba suna sabunta shi kafin damina. Wani kuskuren da ya yawaita shi ne shafe bangon ɗanyar ƙasa da filastar siminti: ba sa kama juna, ruwa ya shiga ta tsaga ya ɓoye, bango ya ruɓe daga ciki ba a sani ba. Azara ma ta yi wuya, domin giginya tana daɗewa kafin ta girma, kuma an sare ta da yawa. Wannan ne ya sa tun shekarun 1980 aka horar da magina a Nijar kan rufin tulluwa na tubali zalla, wanda ba ya buƙatar itace ko kaɗan.

Wanda ya riga ya gina nasa ma bai makara ba. Farin fenti a kan kwano, silin, rumfa a bangon yamma, da ƙwan LED wanda ke shan ƙasa da rubu'in wutar tsohon ƙwai mai zafi, duk ba su kai kuɗin na'urar sanyaya ɗaki da man da za ta sha ba. Masu tsohon silin asbesto kuwa su kiyaye: kada a fasa shi ko a yanka shi a bushe, ƙurarsa tana haddasa cutar daji a huhu.

Mai shirin aza harsashi a bana, kafin ya tura tifa ɗaukar yashi, ya je filinsa da la'asar tare da magininsa, su ga ta inda rana ke dukan wurin, su kuma duba inda ruwa ke bi da damina.