SARARIN SAMA MA DA IYAKA: INDA ZA A SAMI LABARINTA NA GASKIYA

Manoman fadamar Rima, daga Goronyo da Wurno har zuwa Kware, sun san jan-baki sarai. Tsuntsu ne ɗan ƙarami, amma guda ɗaya ya kan ci kimanin giram 10 na hatsi a yini, kuma dubbai su ke tafiya. In suka faɗa gonar shinkafa ko gero lokacin da ƙwaya ta fara nuna, wahalar shekara ta tafi a banza. Sabo da haka Gwamnati ta kan aiko da jirgin sama ya yi feshi a makwancinsu da magariba. Yanzu kuma ga ƙananan jirage marasa matuƙi sun shigo, waɗanda a ke tuƙawa daga ƙasa, har manyan manoma da 'yan kasuwa suna sayensu don feshi da auna gona.

To, attajirin da ke zaune a Sama Road, ya sayi irin wannan jirgi, sai ya ga sama fili ce fetal, ba shinge ba turke. Ba haka abin ya ke ba. An yanka sararin sama an raba shi kamar yadda a ke raba gandu, kuma wanda ya ƙetare iyaka ba da izini ba ya yi laifi, ko da bai san da ita ba.

YADDA AKA RABA SAMA

Jirgin sama ya fara sauka a Kano cikin watan Nuwamba 1925, sa'ad da jirage uku na sojan Ingila suka zo daga Alƙahira. A lokacin nan ba cunkoso. Da jirage suka yi yawa, sai ƙasashe suka taru a birnin Shikago na Amurka a 1944, suka ƙulla yarjejeniya, aka kafa hukumar jiragen sama ta duniya, watau ICAO. Ita ce ta tsara yadda kowace ƙasa za ta shata samanta, ta kuma buga labarin don kowa ya sani.

Sararin saman Nijeriya duka sunansa Yankin Kano a littattafan matuƙa. In an wuce Illela aka shiga wajen Birnin Ƙonni, an faɗa Yankin Yamai, wanda hukumar ASECNA ke lura da shi. An kafa ta a 1959, kuma tana yi wa ƙasashe da yawa renon Faransa wannan aiki.

Cikin kowane yanki an kasa sama kashi bakwai, daga A zuwa G. Daga A zuwa E su ne sama mai tsaro, inda ma'aikatan hasumiya ke ba jirage umarni, suna raba su kada su yi karo. F da G ba a tsare su haka ba, amma su ma da dokokinsu.

Abin da ya fi shafar manomi shi ne da'irar da ke kewaye da filin jirgi. Wannan daga ƙasa ta ke farawa, watau daga kan tsiron dawa, ta miƙe sama. Ƙa'idar ICAO ta ce ta kai aƙalla mil 5 na teku daga tsakiyar fili ta wajen da jirage ke sauka, kuma sau da yawa ta kan fi haka nesa ba kusa ba. Bisanta akwai wata da'ira mafi faɗi, wadda gindinta ba ya taɓa ƙasa, sai ya fara daga ƙafa 700 ko fiye. Kamanninsu kamar an ɗora faifai a kan tulu.

Filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana kudu da birnin Sakkwato, kimanin mil 10. Ke nan gonaki da lambuna masu yawa na gefen gari suna kusa da hanyar saukar jirage, har da masu ɗaukar alhazai. Ƙaramin jirgin feshi ɗauke da magani, in ya shiga injin babban jirgi, ɓarnar ba ta gonar mutum ɗaya ba ce, ta rayuka ce.

INA LABARIN YA KE?

Hukumar da ke riƙe da sararin saman Nijeriya ita ce NAMA, wadda aka kafa da doka a 1999. Sashenta na ba da labari ga matuƙa shi ke buga babban littafin da a ke kira AIP. Abin da ke cikinsa shi ne maganar Gwamnati. Taswirar da a ke gani cikin waya ko wadda ta zo tare da jirgi tana da amfani, amma ba hujja ba ce, domin kamfani ne ya kwafo ta, kuma ta yiwu ta tsufa.

Littafin kashi uku ne, kuma tsarinsa ɗaya ne a duk duniya. Na fari, GEN, dokoki ne da ma'anar alamomi da adireshin ofisoshi. Na biyu, ENR, labarin hanyoyin sama ne. Na uku, AD, labarin kowane filin jirgi ne ɗaya ɗaya. Akawun da aka aika ya duba, ga wuraren da zai buɗe:

1. AD 2.17 a ƙarƙashin DNSO, watau lambar filin Sakkwato. Nan aka rubuta faɗin da'irar filin da tsawonta. Taswirorin filin kuwa suna AD 2.24.

2. ENR 2.1. Nan a ke samun iyakokin Yankin Kano da manyan da'irorin da ke bisa filaye.

3. ENR 5.1. Nan aka jera wuraren da aka hana shiga sam, masu alamar P, da waɗanda a ke shiga da sharaɗi, masu alamar R, da masu hatsari kamar inda soja ke koyon harbi, masu alamar D.

Wanda aikinsa ya kai bakin iyaka sai ya duba littafin ASECNA kuma, wanda ta ke sakawa a intanet.

LITTAFI KAƊAI BAI ISA BA

Iyakar sama ta kan sake. Manyan gyare-gyare suna fara aiki ne bisa ranakun da duniya ta amince da su, kowane kwana 28, ran Alhamis. Don haka a duba kwanan watan da ke jikin kowane shafi, kada a dogara da kwafin bara.

Abin da ya taso da gaggawa kuwa, sai a fitar da sanarwa wadda a ke kira Notam. Ta yiwu a rufe wani wuri na awa uku sabo da zuwan babban baƙo, ta yiwu kuma a rufe shi har sai illa ma sha Allahu. Misali, a watan Maris 2021 Gwamnatin Tarayya ta hana shawagin jirage a saman Jihar Zamfara sabo da tsaro, ga shi kuwa madatsar Bakolori da gonakinta suna cikin jihar. Irin wannan labari ba a tsohon littafi a ke samunsa ba. Ma'aikatan NAMA a filin jirgi su ne za a tambaya, kuma a ranar da za a yi aikin.

A KULA DA MA'AUNI

Nan ne mutane su kan ruɗe. Mil ɗin matuƙa mil ne na teku, mita 1,852, ya fi mil ɗin hanya mai mita 1,609. Tsawo da ƙafa a ke auna shi, wani daga doron ƙasa, wani daga bakin teku, kuma littafin ya kan nuna wanne a ke nufi. Lokaci kuwa da agogon duniya a ke rubuta shi, wanda agogon Nijeriya ya riga shi da awa ɗaya. In Notam ta ce 1700, to, ƙarfe 6 na yamma ke nan a Sakkwato, daidai lokacin da jan-baki ke komawa makwanci.

Iyakoki kuma da lambobin digiri da minti a ke nuna su, ba da sunan ƙauye ba. Sai manomi ya tsaya tsakiyar gonarsa, ya ɗauki lambarta da waya, ya kai wa ma'aikata su gwada da taswira.

SANIN IYAKA BA IZINI BA NE

Ko da gona tana wajen da'ira, sai an nemi izini. Tun watan Mayu 2016 hukumar NCAA, mai lura da dokokin jiragen sama, ta hana tashin jirgi maras matuƙi sai da yardarta da ta Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Wanda ya samu kuma kada ya wuce ƙafa 400, kada jirgin ya ɓace wa idonsa. Feshi bai ma bukatar rabin wannan tsawo.

Takardun nan suna cin lokaci, jan-baki kuwa ba ya jira. Manomin da ya bari sai tsuntsu ya sauka sa'an nan ya fara neman izini, ya makara. Abin da ya kamata shi ne tun lokacin shuka jam'iyyar manoma ta zaɓi akawu guda mai karatu, ya tattara lambobin gonaki, ya je tare da malamin gona wurin hukuma. Wanda zai yi hayar kamfanin feshi kuma ya ce a nuna masa takardun izini kafin ya biya ko sisi. Da haka hatsi ya tsira, jirgi ya tsira, matafiya kuma su sauka lafiya.