Ilimin da Aka Samo a Kano Ya Kamata Ya Isa Ƙanƙara

Idan yaro ɗan shekara bakwai ya wayi gari bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya saki, harshe ya sarƙe, abin da za a fara ji a gidan shi ne "iska ce ta buge shi." Jama'a sun ɗauka shanyewar ɓarin jiki ciwon tsofaffi ne masu hawan jini. Amma idan yaron yana da amosanin jini, wato sikila, akwai wani bayani da likitoci suka daɗe da sani. Ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su riƙa gurzar bangon jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, har jijiya ta tsuke ta toshe. Idan ba a yi riga-kafi ba, kusan yaro ɗaya cikin goma masu wannan ciwo zai shanye kafin ya cika shekara 20. A Nijeriya kuwa ana ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara, adadin da babu wata ƙasa a duniya da ta kai shi.

Hatsarin yana da alamar da ake iya aunawa tun yaro yana wasansa lafiya lau. Akwai wata na'ura mai aiki da sauti, dangin wadda ake duba cikin mai juna biyu da ita, da ake ɗorawa a gefen kai don auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Babu allura, babu yanka. Kamar yadda ruwa ke ƙara gudu inda kwalbati ya matse, haka jini yake a jijiyar da ta tsuke, kuma idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana bakin hatsari. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa ƙarin jini kowane wata yana rage hatsarin da kashi 90 cikin 100 ko fiye. Sai dai wannan magani ne na ƙasar da ke da wadataccen ma'ajin jini, ba na manomin Faskari ba.

A nan ne jami'o'inmu suka yi abin a yaba. Likitocin Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tare da na Asibitin Murtala a Kano da na Barau Dikko a Kaduna, sun haɗa hannu da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka gwada wani magani na haɗiya mai suna haidiroksiyuriya. Maganin yana sa jiki ya ƙara irin sinadarin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ke hana ƙwayoyin lanƙwashewa. Sun bi yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 da na'urar ta nuna suna cikin hatsari, aka ba rabi ƙaramin awo, rabi matsakaici. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna yara takwas ne suka shanye, uku a rukunin farko, biyar a na biyu, alhali binciken Amurka ya nuna irin waɗannan yara, in ba a yi musu komai ba, kusan ɗaya cikin goma ke shanyewa a kowace shekara. Ƙaramin awon ma ya wadatar, kuma ana sarrafa maganin a Nijeriya.

Ra'ayina shi ne, darajar wannan bincike ba za ta cika ba sai ranar da aka ɗora na'urar a kan yaron Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a Jihar Katsina. Wani zai ce yankin da 'yan bindiga suka addaba, inda a Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, yana da matsalolin da suka fi wannan gaggawa. Maganar tana da nauyi, amma ta ƙara wa hujjar ƙarfi ne. Inda hanya ke da hatsari, riga-kafin da ya fi dacewa shi ne awo sau ɗaya a shekara da maganin da uwa za ta bayar a ɗaka. Jinyar yaron da ya riga ya shanye, da gashin ƙashi da zirga-zirgar Zariya ko Katsina, ita ce ta fi ƙarfin iyalin da ya bar gonarsa.

Wani kuma zai ce gwajin jini kafin aure shi ne mafita. Lallai yana da muhimmanci, domin idan miji da mata duk suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Amma gwajin aure ba ya taimakon yaron da aka riga aka haifa. Masu tsoron maganin saboda an fara saninsa a jinyar kansa su sani cewa likita ne ke bayarwa yana bibiyar jinin yaron. Batun rashin ƙwararru ma yana da amsa, tunda a Kaduna masu bincike sun horar da ma'aikatan jinya su yi awon na'urar da kansu.

Saura aikin gida. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina su ne suka fi cancantar ɗaukar wannan nauyi: su horar da ma'aikata, a ajiye na'ura a Funtuwa da Malumfashi, a ware ranakun kai ta asibitocin ƙananan hukumomi, gwamnatin jiha kuma ta tabbatar magani bai yanke ba. Limamai da masu unguwanni su sanar da iyaye cewa daga shekara biyu ake fara awon. Hausawa sun ce riga-kafi ya fi magani, kuma a wannan ciwo malamanmu na Kano da Kaduna sun tabbatar da hakan da alƙaluma. Abin da ya rage shi ne uwar da ke Sabuwa ta san ranar da za ta kai ɗanta, da asibitin da za ta same su.