Motar da Ke Mutuwa In Ta Yi Zafi

Akwai wata cutar mota da ke wahal da direbobi ƙwarai, domin takan ɓuya a gaban bakanike. Da safe mota ta tashi da bugu ɗaya, ta yi tafiyar minti 20 ko 30 lafiya lau, sai ta fara shaƙewa, a taka totur ta ƙi ja, daga nan ta mutu. A bar ta ta huce na rabin awa, sai ta tashi kamar ba abin da ya faru. Kafin a kai ta gareji ta riga ta yi sanyi, bakanike ya murza makulli ya ce ai ƙalau take. Mai mota kuwa ya san ranar da za ta yi masa haka a Hawan Kibo da iyali a ciki, ga tirela a baya, ba maganar kuɗi ake yi ba kuma.

Abin da muke so masu karatu su riƙe shi ne, inji na bukatar wuta da mai da iska, kuma a lokacin da ya mutu ne kawai za a gane wanne ya yanke. Saboda haka a gwada shi da zafinsa. A cire wayar fulogi ɗaya, a sa mata wani fulogi, a jingina shi da jikin inji, wani ya murza makulli. In ba tartsatsi, ko ya fito ja-ja marar ƙarfi, to laifin na wuta ne. A yi wannan nesa da inda fetur ke ɗiga, kuma kada a riƙe wayar da hannu.

Mu ɗauki Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kakuri ta Kaduna a 1975, har yau kuma ba ta ƙare a hanyoyinmu ba. A irin wannan mota kwayil ne babban wanda ake zargi. A cikinsa akwai siririyar waya da aka naɗe sau dubbai. In ta tsufa ta tsage, zafi yakan buɗe tsagar, wuta ta yanke, in ta huce kuma ta koma ta haɗe. A jiƙa tsumma da ruwan sanyi a lulluɓe kwayil ɗin na 'yan mintoci. In mota ta tashi nan take, an kama ɓarawo. Kwandansa ma yakan yi irin wannan hali, ga shi kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

In wuta na nan da ƙarfinta, sai a koma kan mai. Famfon mai na 504 a jikin inji yake manne, fetur kuwa ba ya jure zafi: wani sashensa yakan fara zama tururi tun zafi bai kai digiri 40 ba. A watan Afrilu, cikin cunkoson motoci, man da ke cikin bututu sai ya tafasa, famfo ya yi ta tura tururi, kafireta ta bushe. Tsumman nan mai sanyi a kan famfo zai nuna gaskiya. A kuma buɗe murfin tanki a saurara. In aka ji ya zuƙi iska da ƙarfi, to ƙofar numfashin tankin ta toshe, mai ba ya iya sauka. Sau da yawa an sayi sabuwar kafireta a kan laifin murfi.

Akwai kuma bawul. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, shi ya sa ake bar wa bawul 'yar tazara. In an ɗaure shi ya matse, da inji ya yi zafi ba zai rufe sosai ba, ƙarfi ya zurare, in aka daɗe a haka kuma bawul ɗin ya ƙone.

Motocin da ke da injekta sun zo da nasu. Akwai sensa mai gaya wa ƙwaƙwalwar mota yadda inji ke juyawa. In zafi ya taɓa ta ta daina magana, wuta da mai su tsaya tare. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da wurin sa na'urar bincike, kuma lambar P0335 ita ce ke nuna wannan sensa. Famfon da ke cikin tanki shi kuma fetur ne ke sanyaya shi, don haka masu yawo da lita biyar kullum su ne ke kashe shi da wuri. In kuma mota ba ta mutuwa amma tana ƙara nauyi a kan hanya, a duba abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi, domin yakan toshe.

Ba mu goyon bayan al'adar cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar nan. Aikinsa shi ne ya riƙe ruwa a wajen digiri 80 zuwa 90, kuma in an cire shi motar injekta takan ɗauka inji bai yi zafi ba, ta yi ta zuba mai har fulogi su yi baƙi. In allura na hawa sama, a duba lagireto da fanka da bel, amma kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce.

In za a je gareji, a rubuta minti nawa mota ke yi kafin ta mutu, inda allurar zafi take, da ko shaƙewa take yi a hankali ko yankewa farat ɗaya. Ta farkon ta fi kama da mai, ta biyun da wuta. Sa'an nan a roƙi bakanike ya bar injin yana aiki har ya mutu a gabansa, kafin a biya kuɗin kowane kaya.