Ruwan Wikki: dalilin ɗuminsa da haɗarin da ke cikin tsabtarsa

Mazaunin Wunti mai sha'awar nutso cikin ruwa garai-garai ba sai ya nufi tsibiran teku ba. Tafiyar kimanin kilomita 110 daga birnin Bauchi, ta hanyar Gombe, a ratse a Dindima, za ta kai shi maɓuɓɓugar Wikki da ke dajin Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri.

Ruwan yana fitowa ne daga gindin wani dutse bayan ya ɗumama a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa zafinsa yake tsayawa a digiri 31 dare da rana, ko da hunturu, kafin ya gangara kogin Gaji.

Sai dai tsabtar tasa tana yaudarar ido. Haske yana karkacewa idan ya fito daga ruwa, don haka mai kallo daga sama yakan ga zurfin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kusa da dutsen kuwa zurfin ya doshi mita 2, ya isa ya shanye babban mutum. Wanda bai iya iyo ba, musamman yaro, wurinsa can gaba ne inda ruwan ya yi ƙasa.

Ba a kuma barin jaka a gaɓa ba mai tsaro, saboda gwaggon biri.