Ɗumame a lokacin bazara: awa nawa abinci zai iya jira?

Zubar da abinci abin kunya ne a ƙasar Hausa, addini kuma ya yi hani da almubazzaranci. To amma daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, tukunyar da ta kwana tana iya kai iyali gidan likita. Abin da ya kamata a riƙa ƙirgawa shi ne awannin da abinci ya yi a ajiye tun daga sa'ad da aka sauke shi daga wuta.

Babu gidan da bai san ɗumame ba. Tuwon dare da ya rage akan yanka shi a miyar kuka, a mai da shi kan wuta da asuba, yara su ci su tafi lakwal. Ma'aikacin gwamnati mai jiran ƙarshen wata da ɗan kasuwa mai ciyar da gida cike da jama'a duk sun san kuɗin tiyar gero, saboda haka ba su da niyyar ganin loma guda a bola. Suna da gaskiya. Sai dai garin neman ƙiba akan samo rama, domin kuɗin takardar magani guda ya fi na kwanon shinkafa nesa ba kusa ba.

Abin da hanci ba ya ji

Yawanci uwargida takan buɗe murfi ta shinshina, ko ta ɗanɗana, in babu tsami babu yauƙi sai ta ce lafiya lau. Matsalar ita ce ƙwayoyin da ke sa abinci wari daban suke da waɗanda ke kawo amai da zawo. Na biyun suna iya cika tukunya ba tare da sun sauya ƙamshinta ko ɗanɗanonta ba.

Waɗannan ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60, sun kuma fi walwala a ɗumi irin na jikin ɗan Adam, wato kusan zafin da ake samu a madafa a watan Afrilu. A irin wannan yanayi wasunsu kan ninka yawansu kowane minti 20. Ƙwaya guda ke nan tana iya zama sama da miliyan 2 cikin awa 7, kamar daga bayan isha'i zuwa kiran assalatu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Hukumomin kula da abinci na Amurka kuwa sun rage wa'adin zuwa awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32.

Abin da wuta ba ta kashewa

Mutane da dama sun ɗauka muddin an sake ɗora abinci a wuta to an gama da komai. Tafasa tana kashe yawancin ƙwayoyin, amma akwai dafin da ba ta taɓawa. Ƙwayar da masana ke kira Bacillus cereus tana zaune a ƙasa da jikin hatsi, kuma irinta yana tsallake dahuwa. In shinkafa ko taliya ta huce ta daɗe a ajiye, sai irin ya tsiro ya zuba dafi, dafin kuwa ko an sake tafasawa yana nan. Wanda ya ci yakan kama amai cikin awa 1 zuwa 6. Haka ita ma Staphylococcus aureus, wadda ke zama a hanci da fatar mutum, take shiga abinci ta hannu. Saboda haka ragowar akushin da aka ci da hannu ba ɗaya take da wadda ta rage cikin tukunya ba.

Manyan tukwanen biki da suna su ma abin lura ne. Miyar nama mai yawa takan ɗauki awanni kafin tsakiyarta ta huce, a nan kuma Clostridium perfringens ke samun wurin zama, washegari mahalarta su tashi da murɗar ciki.

Firigo da ɗaukewar wuta

Ga mai firigo, ƙa'idar ba ta da wuya. A raba abinci cikin ƙananan kwanoni don ya huce da sauri, a rufe, a sa shi ciki kafin awa 2. Miya da nama da wake suna iya yin kwana 3 zuwa 4, shinkafa kuwa an fi son a cinye ta cikin kwana guda. In za a ɗumama, a ɗebi daidai wanda za a ci, a bar shi ya yi zafi har tsakiya, miya ta tafasa sosai, kada kuma a ɗumama abu guda sau biyu.

Wannan lissafi ya dogara ne ga wutar da ba ta yankewa. Abokan cinikin NIGELEC sun san halin da akan shiga a bazara, ba su kuma manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar. Firigon da aka bari a rufe yana riƙe sanyi kimanin awa 4. In wuta ta wuce haka ba ta dawo ba, naman da kifin da dafaffen abincin da ke ciki sun fita daga aminci, ko da daga baya sun sake yin sanyi. Jera gorunan ruwa masu ƙanƙara a ciki yana ƙara ɗan lokaci.

Dabarun kaka da kakanni

Magabata ba su da firigo, amma sun san abokan gabar ruɓa: bushewa, gishiri, mai da tsami. Kilishi yana daɗewa saboda rana da wuta sun janye ruwan jikinsa. Naman layya da aka soya ƙarau yakan yi makonni. Ƙanzon da aka shanya ya bushe yana jiran ranar buƙata, nono mai tsami kuma ya fi madara jure zafi. Abincin da ke da danshi, ba tsami, ba bushewa, shi ne ba ya jira.

A gidan da babu firigo, mafi alheri shi ne a auna tukunyar dare daidai da bakunan da za su ci. In miya ta rage, a tafasa ta kafin a kwanta, a rufe, kada a sake sa ludayi, da asuba a sake tafasawa. Wannan yana rage haɗari ko da yake bai kawar da shi ba. Shinkafa da taliyar da suka kwana a fili cikin bazara kuwa gara a haƙura da su. Kunun jinjiri ma kada a ajiye shi sam, a dama sabo duk lokacin da zai sha.

Wa ke cin saura?

Maigida da baƙonsa sabon girki ake kai musu. Saura yakan faɗa hannun yara, da ƴan aiki, da almajirin da ke tsaye a ƙofa da ƙoƙonsa, wanda kan haɗa ragowar gida uku a kwano guda ya yi yawo da ita cikin rana. A rahotonta na 2015, OMS ta ƙiyasta cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 a duniya kowace shekara, yana kashe 420.000, daga cikinsu 125.000 yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka auna da yawan jama'arta, da rasuwar mutum 137.000.

Mai niyyar sadaka ya kamata ya miƙa ta tun da dare, tana da ɗuminta, kada ya jira sai ta kwana. In kuma yaro ya kama amai da zawo, a fara ba shi ruwan SRO nan take, a garzaya gidan likita idan ya kasa sha, ko ya galabaita, ko an ga jini a bayan gidansa. Abincin da magidanci ba zai yarda ɗansa ya ci ba, bai dace ya zuba shi a ƙoƙon ɗan wani ba.