Amsar Wasiƙa: A Buɗe Cikin Waya Ko A Bar Ta Yadda Ta Zo?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito daga wani mai sayar da hatsi a Kakuri, nan Kaduna ta Kudu. Ya ce mai gyara ya ba shi shawara a buɗe masa cikin wayarsa don ta ƙara sauri, ga shi kuwa da ita yake karɓar kuɗin masara daga abokan cinikinsa na Kujama da Kachiya. Yana tambaya, shin ya yarda?

To Alhaji, kada ka yarda. Ga dalili.

An gina Android ne a kan Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. A wannan tsari kowane fayil yana da izini iri uku: karantawa, rubutawa, da sa shi aiki. Masana sun ba karatu lamba 4, rubutu 2, aiki 1. Ana kuma raba izinin gida uku: mai fayil, 'yan rukuninsa, sai sauran jama'a. Fayilolin saiti da yawa suna zuwa da 644. Wato mai shi yana da 6, ya karanta ya gyara, sauran kuwa 4, sai dai su karanta. In aka mai da shi 777, kowa ya shiga ya canja abin da ya ga dama. Ka ga an cire wa rumbu ƙofa ke nan.

Buɗewar da mai gyaran nan yake nufi ta ma fi haka, domin babban mabuɗi ne da ke tsallake duk waɗannan makullai. Duk manhajar da ta same shi tana iya leƙa ajiyar manhajar bankinka. Shi ya sa manhajojin banki da dama ba sa aiki a wayar da aka buɗe. Sau da yawa kuma, wajen buɗewar ana share duk abin da ke ciki, har lambobin masu bashinka.

Akwai izinin da ya kamata ka taɓa da hannunka. Tun Android 6 na 2015, kai ne ke ba kowace manhaja izinin ganin lambobinka, hotunanka ko saƙonninka. Shiga saiti ka duba. Me tocila za ta yi da lambobin mutane? Hana ta. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin ba da rance taɓa lambobi da hotuna, bayan wasunsu sun riƙa tozarta masu bashi wajen danginsu.

Maganar nauyi kuwa, goge tsofaffin bidiyon WhatsApp da manhajojin da ba ka amfani da su, za ka ga sauƙi.

Allah ya ba da kasuwa, Alhaji. Sauran masu sauraro, muna jiran wasiƙunku. Sai mako mai zuwa.