Ƙwayar da ta ƙi mutuwa

Idan aka ce ciwon daji ya yi muni, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne saurin girmansa. Sauri kaɗai bai isa ya bayyana muguntar cutar ba. A jikin mai lafiya, ƙwayar halittar da ta lalace takan kashe kanta cikin tsari, jiki ya kwashe gawarta. Akwai kuma wasu furotin da aikinsu shi ne hana wannan mutuwa. Fitacce a cikinsu shi ne BCL-2, wanda aka gano a 1984 a wata sankarar kaluluwa. A 1988 David Vaux da Suzanne Cory da Jerry Adams, masu bincike a Ostiraliya, suka nuna cewa BCL-2 ba ya tura ƙwaya ta hayayyafa, tsare ta daga mutuwa kawai yake yi.

Mai ja zai ce, ai sankarar da aka fara ganin BCL-2 a cikinta mai tafiyar hawainiya ce, masu ita sukan shekara da shekaru. Ga kuma sankarar Burkitt, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, kuma take kama yara har a Nijeriya: tana cikin mafi saurin girma, alhali yawanci ba a samun BCL-2 a cikinta. Gaskiya ne, sai dai hujjar ta juyo ta goyi bayan batun. Abin da ke ingiza Burkitt shi ne furotin MYC, wanda ke tilasta wa ƙwaya ta yi ta rabuwa, yana kuma kusantar da ita ga mutuwa. Shi ya sa kumburin kan narke da wuri idan aka fara magani a kan lokaci. Bala'in yana ga haɗuwar biyun. A 1990 aka ga ɓerayen da ke ɗauke da MYC da BCL-2 tare suna kamuwa da sankara da wuri ƙwarai fiye da masu ɗauke da ɗaya, kuma a mutane ma sankarar kaluluwar da ta haɗa su tana cikin masu wuyar magani, domin yawancin magungunan ciwon daji ta wannan hanyar mutuwa suke kashe ƙwaya.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga asibiti. A 2016 Amurka ta amince da venetoclax, maganin da ke toshe BCL-2, ga masu wata sankarar jini. Ƙwayoyin sankarar kan mutu da yawa a lokaci guda har su iya fin ƙarfin ƙoda, don haka ake farawa da miligiram 20, a hau zuwa 400 cikin makonni biyar. Amma cutar kan sauya majingina, ta koma ga wasu furotin masu hana mutuwa, MCL-1 ko BCL-XL. Toshe waɗannan ya fi wuya: ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sun dogara ga BCL-XL, tsokar zuciya kuma ga MCL-1.